Jegon Fuƙma a Falon Hajiya Zuhura

Duk macen da ta taɓa haihuwa a asibitin da Hajiya Zuhura take aiki a Riyad tana yabonta, duk wanda kuma ya taɓa zuwa barka yana shakkarta. Nas ce a ɗakin masu jego, ta fi shekara ashirin a wurin. Ba wani tsawo gare ta ba, amma in ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce "Khalas ziyara," wato ziyara ta ƙare, har dattijo mai farin gemu sai ya tattara dabinonsa da butar gahawarsa ya kama gabansa. Abu ɗaya ne kawai yake karya mata zuciya, kukan jariri. In ta ji shi, ko a kanti ne ko a cikin jirgin ƙasa na metro, sai ta bi sawu ta gano inda yake, ta kuma gaya wa uwar abin da za ta yi, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Wata Asabar a lokacin sanyi ba ta da aiki, tana gida a unguwar Al-Badi'a tana suyar waina. Ƙawarta Bilƙisu ta zo tun da hantsi tana taya ta, maigidan kuma, Alhaji Dalhatu, ya dawo daga kasuwar Batha da ledar daddawa da kuka yana ta mitar cunkoson motoci. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ɗan gajeren bidiyo ne daga Amir, mijin autarta Kamila.

Bara aka ɗaura musu aure, suka tare a wani gari a gaɓar tekun gabashin Ingila inda Amir yake aiki a kantin magani. Kamila, wadda aka haifa a Riyad ta girma tsakanin kwalta da yashi, tana ganin teku sai ta rikice. Ba a yi wata uku ba ta shiga ƙungiyar 'yan sa kai masu tsaron wata dabbar ruwa da Larabawa ke kira fuƙma. Dabba ce mai fuska kamar ta kare amma ba a ganin kunnenta, jikinta sumul, tana rayuwa a ruwa, sai dai in haihuwa ta zo takan fito kan yashi ta haihu ta shayar. Alhaji Dalhatu mutumin Yawuri ne, tun ranar da ya ga hotonta ya yanke hukunci cewa 'yar uwar ayu ce da ta yi ƙaura, ba wanda ya isa ya sauya masa magana.

Zuhura ta danna bidiyon da bayan yatsa don hannunta duk mai ne. Wani ɗan abu fari sol, mai gashi kamar auduga, yana kwance shi kaɗai a kan yashi, iska na kaɗa shi. Ya ɗaga kai ya buɗe baki, sai kuka ya fito, kuka irin wanda ta saba ji a ɗakinta na asibiti, ba bambanci ko kaɗan.

Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta tura bidiyon cikin wani zauren wasaf na matan Hausawa mazauna ƙetare, inda ta san akwai waɗanda suke gari ɗaya da Kamila, ta rubuta cewa ga maraya nan a bakin teku sanyi zai kashe shi, wadda take kusa ta taimaka don Allah. Sannan ta kira Amir kiran bidiyo.

To, Amir yaro ne mai kunya irin ta da. Ko a waya yake gaishe ta sai ya russuna, har takan ga saman hularsa maimakon fuskarsa. Ya ce ya rako Kamila ne, ita ta wuce can ƙarshen gaɓar inda masu haihuwar suka fi yawa, shi kuma yana komawa mota ya hangi wannan. Ta tambaye shi ina uwar. Ya ce wataƙila tana cikin ruwa. Ta ce wace irin uwa ce za ta bar ɗanyen jariri a cikin wannan iska ta tafi wanka, ya cire rigar sanyinsa ya je ya lulluɓe shi yanzun nan.

Amir ya san doka. Kullum yana jin ta a bakin matarsa, da safe da shayi, da dare da tuwo: ba a tsallaka igiyar da aka kewaye wurin, ba a matsawa kusa, ba a taɓawa. Amma ta ina ɗan mutunci zai fara ce wa surukarsa a'a? Ya dai gwada.

"Umma, ai kamar na ji an ce..."

"An ce me? Jariri yana kuka kana tsaye kana ba ni labarin an ce?"

Sai ga Amir ya ɗaga ƙafa ya tsallaka igiya, riga a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Zuhura tana kallon yashi yana tangal-tangal a allon wayar. Bai kai rabin hanya ba wani baƙin abu da suka ɗauka dutse ne a bakin ruwa ya ɗaga kai. Uwar ce, ashe ta riga ta fito rabin jiki tana nufin ɗanta. Ta dubi Amir, ta juya da ƙarfi, ta faɗa ruwa ta ɓace. Ɗan ya ja ciki baya yana huci. Daga nesa kuma aka ji muryar Kamila tana tahowa a guje tana kiran sunan mijinta.

Kamila in ranta ya ɓaci Larabci ne yake riga Hausa fitowa, don haka sai da ta ja Amir suka koma bayan igiya, ta numfasa, sannan ta karɓi wayar. Ba ta ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, abin da ya fi yi wa Zuhura ciwo ke nan. Ta ce ɗan ba maraya ba ne. Haka uwayen suke yi, su ajiye ɗa a kan yashi su koma ruwa suna leƙensa daga can, in wuri ya yi shiru su fito su ba shi nono. In uwa ta ga mutane kewaye da ɗanta ba za ta fito ba, in kuma abin ya daɗe tana iya tafiya gaba ɗaya. Nononta ne kaɗai abincinsa na 'yan makonnin farko, madarar shanu cutar da shi take yi, farin gashin nan kuma jiƙewa yake yi, in aka firgita shi ya faɗa ruwa ba lallai ya fito ba. In har gobe uwar ba ta dawo ba masu ceto za su ɗauke shi, kuma ba duk wanda aka ɗauka yake rayuwa ba.

"Taimakonsa, Umma, shi ne a ba shi wuri," in ji ta.

Zuhura ta zauna a kan kujerar kicin. Kunya ta kama ta, irin wadda rabonta da ita tun tana ɗalibar koyon jinya. Ita da ta haɗa jarirai da nonon uwayensu ba adadi, yau ita ce ta raba wani da nasa, daga nisan da ko jirgi sai ya wuni. Wainar da ke tanda ta ƙone, Bilƙisu ta kashe wuta. Alhaji Dalhatu ya leƙo, ya ji abin da ya faru, ya ce garin neman gira an kusa rasa ido. Da ya ga idon matarsa ya kawo ruwa sai ya shiga gyaran hula.

Wayar ta sake ƙara, sai a sannan ta tuna da saƙon da ta tura. Ta buɗe zauren. Wata Hajiya Safiyatu, maƙwabciyar su Kamila, ta amsa cewa ga su nan tafe mota biyu, da yara, da tsohon bargo, da madara mai ɗumi a filas. A ƙarƙashin saƙon mata sai sa mata albarka suke yi.

Da ta gaya wa Kamila, yarinyar ta dafe goshi. Ta ce yau su uku ne kacal a gaɓar, ga Asabar, ga masu yawo da karnuka, ita kuma dole ta koma can ƙarshe inda 'ya'yan suka fi yawa. Sai dai akwai kyamara da ƙungiyarsu ta kafa a kan wani dogon ƙarfe tana kallon wannan ɓangaren, kowa yana iya buɗe ta a intanet. Da za a samu mai zuba mata ido, ya kira in ya ga mutum ko kare ya ɓullo ta bayan tudun yashi, da an rage mata aiki.

Zuhura ta share ido da gefen mayafi. Ta tambaya a hankali, wato dai abin da ake so, a bar mai jego da ɗanta, wani kuma ya zauna a bakin ƙofa yana mayar da 'yan barka? Kamila ta ce shi ke nan fa. Zuhura ta miƙe ta gyara ɗaurin zani.

"Da kin faɗi haka tun farko. Wannan ai sana'ata ce."

Kafin a ce me, falon Al-Badi'a ya koma ɗakin masu jego. Alhaji Dalhatu ya haɗa kyamarar da babbar talabijin, ga teku nan toka-toka ya cika bango, ga ɗan farin abu a tsakiyar yashi. Zuhura ta raba aiki kamar yadda take raba wa ƙananan nas. Bilƙisu ta kula da ruwa, in ta ga kai ya ɓullo ta faɗa. Alhaji ya kula da tudun yashi na hagu. Amir kuma, tunda shi ya tsallaka igiya, ya je ya tsaya can sama inda hanya take gangarowa daga wurin ajiye motoci, ya riƙe waya a sama, kada ya kashe. Bai ce ai umarni ya bi ba, ya dai tafi.

Motocin su Hajiya Safiyatu suka iso, yara suka zubo da ihu. Amir ya tare hanya yana murmushi, ya miƙa wayar gaba kamar mai nuna takardar izini. Zuhura ta yi sallama, ta tambayi gida da yara da sanyi, don ba a fara kora kafin gaisuwa. Sannan ta ce ita ta kira su, kuma ita ta yi kuskure, su yafe mata. Ta maimaita musu abin da Kamila ta faɗa, amma da nata bakin. Ta tambayi Safiyatu ranar da ta haifi ɗanta na fari, da an cika mata ɗaki da baƙi ana ɗaga jaririn ana ajiyewa, nono zai zo? Safiyatu ta yi dariya ta ce ai abin da aka yi mata ke nan, har yau ba ta manta ba.

Zuhura ba ta mayar da su gida ba, ta san wanda ya taso da niyyar alheri in aka kore shi hannu rabbana gobe ba zai taso ba. Ta ce manya su jeru a bakin hanya can sama, duk wanda ya zo su gaishe shi da fara'a su nuna masa igiya, su roƙe shi ya yi kallonsa daga nesa ya kuma sassauta murya. Yara kuma aka ba su leda, su bi gefen hanya suna tsintar robobi da guntayen zaren kamun kifi, don Kamila ta sha gaya mata irin waɗannan ne suke shaƙe wuyan dabbobin. Bargon aka yafa wa Amir, wanda haƙoransa suka fara haɗuwa. Madarar kuwa yara suka shanye.

Can sai Alhaji Dalhatu ya zabura yana nuna talabijin da carbi. Wani kare mai ruwan ƙasa ya ɓullo a kan tudun hagu ba igiya a wuyansa, wani dogon Bature yana biye da shi hannu a aljihu. Kamila ta yi nisa. Zuhura ta ce wa Amir ya zagaya ta sama da sauri, kada ya bi ta yashi. Ya isa yana haki, ya fara lallaɓa magana irin tasa, Baturen yana cewa karensa ba ya cizo. Sai muryar Zuhura ta fito daga wayar da Turancin asibiti, wanda take yi wa masu taurin kai. Ta ce akwai jariri a nan, uwarsa tana tsoro, ya ɗaure karensa yanzu, ta gode. Mutumin ya dubi wayar, ya dubi Amir a cikin bargo, ya tambaya wace ce wannan. Amir ya ce surukarsa ce, daga Saudiyya. Baturen ya gyaɗa kai a hankali irin na wanda shi ma yana da tasa a gida, ya sunkuya ya ɗaure karen, har ya tsaya yana taya su gaya wa na bayansa.

Bilƙisu ta yi dariya har ta kwanta a kan kujera. Alhaji ya ce shi shekara talatin yana jin wannan murya, bai san ta tsallaka teku ba.

Daga nan sai jira. Aka kira azahar, suka yi salla bi da bi don kada a bar talabijin ba ido. Aka kawo wainar da ta tsira da miyar taushe aka ci a gaban allo, Zuhura ko loma uku ba ta yi ba. Sau biyu Bilƙisu ta ce ga kai can, sau biyu kan ya dubi gaɓa ya nutse. Zuhura ta yi addu'a a fili, ba ta ji kunyar kowa ba, ta ce ya Allah kada ka kama wannan baiwar taka da laifina, ka mayar mata da ɗanta.

Bayan la'asar ɗan ya daina kuka. Ya kwantar da kai a kan yashi ya yi lamo. Alhaji ya ce barci ne. Zuhura kuwa, a aikinta jaririn da ya yi shiru ya fi mai kuka ba ta tsoro. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa talabijin, tana neman ko cikinsa yana ɗagawa, amma kyamarar ta yi nisa. Ta ɗauki waya.

"Amir."

"Na'am, Umma."

A kusurwar allon ta hango shi, ɗan ƙaramin mutum a cikin bargo. Tun kafin ta ƙara ko kalma ɗaya ya riga ya juya ya fuskanci igiya. Ta gane in ta ce ya je ya duba, zai je. Ko ya san kuskure ne zai je, ko matarsa za ta yi fushi da shi mako guda zai je, saboda ita ta faɗa. Maganar tana kan harshenta, duk jikinta yana son ta faɗe ta. Ta rufe ido, ta buɗe.

"Kada ka motsa, ɗan albarka. Ko ni na ce ka je, kada ka je."

Ya tsaya. Matan da ke bakin hanya suka tsaya, yara suka zauna a ƙasa da ledojinsu. Gaɓar ta yi tsit, ba abin da yake motsi sai ruwa.

Rana ta sunkuya a kan rufin gidajen Al-Badi'a lokacin da Bilƙisu ta kama hannun Zuhura ta matse. Kan ya sake ɓullowa, wannan karon kusa. Ya daɗe yana duba hagu da dama. Sai kafaɗa ta fito, sai baya, sai ga uwar gaba ɗaya a kan yashi, ƙatuwa, tana jan ciki tana hutawa, tana ja tana hutawa. Ta tsaya ta ɗaga hanci. Farin abun nan da suka ɗauka ya gaji da duniya ya ɗaga kai zumbur, ya nufo ta yana tuntsurawa. Suka haɗa hanci. Ta shinshina shi tun daga kai har wutsiya, ta daɗe tana yi. Sannan uwar ta mirgina ta kwanta a gefe ɗaya, ta miƙa masa ciki.

Bilƙisu ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, Zuhura ta yi wuf ta toshe mata baki tana raɗa cewa za ta firgita ta. Alhaji Dalhatu, yana share ido da hannun riga, ya tuna mata cewa talabijin ce, tsakaninsu da tekun nan akwai ƙasashe.

Ba ta saurare shi ba. Ta durƙusa a gaban allon tana kallon yadda ɗan yake lalube, ya kuskure, ya sake lalube, uwar tana tura shi da hannunta mai kama da filafili. Can ya tsaya wuri ɗaya, kansa ya fara ɗan motsi gaba da baya, motsin da Zuhura za ta gane ko a cikin barci aka nuna mata.

"Ya kama," ta ce. "Alhamdu lillahi, ya kama."

Sai a sannan ta ba Bilƙisu izinin guɗa, kuma ita ce ta riga ta rangaɗawa. Guɗar ta cika falo ta fita ta taga, har maƙwabciyarsu Balarabiya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko Kamila ce ta sauka. Alhaji ya ce mata a'a, amma a gidan nan dai an yi haihuwa, ta shigo ta ci waina. A waya kuma Kamila tana dariya tana kuka, Larabci da Hausa sun cakuɗe mata, matan bakin hanya suna rungumar juna ba sauti.

Ladan ya kira magariba. Alhaji ya ɗauki hula ya tafi masallaci, Bilƙisu ta shiga alwala. Zuhura ta ce tana tafe, su ba ta minti kaɗan. Ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, hawaye yana zuba tana murmushi, ba ta tashi ba sai da ɗan ya ƙoshi ya saki nonon da kansa, ya kwanta a jikin uwarsa.